Shin Ko Kun San? Abin da Fuska ke Faɗa Kafin Baki Ya Buɗe

Shin ko kun san ba a koya wa ɗan Adam murmushi, da abinsa yake zuwa duniya? A 2004, lokacin wasannin Olamfik na birnin Atina a ƙasar Girka da na naƙasassu da suka biyo baya, an ɗauki hotuna sama da 4,800 na 'yan kokawar judo, ana gama karawa da kuma lokacin rataya lambobi. David Matsumoto na Jami'ar Jihar San Francisco da abokin aikinsa Bob Willingham suka jera hotunan masu ido da na makafi, har da waɗanda tun haihuwa ba su taɓa ganin fuskar wani mahaluki ba. Wanda ya ci zinare, makaho ne ko mai ido, iri ɗaya fuskarsa ke washewa. Wanda aka kayar a zagayen ƙarshe kuwa, ya tsaya gaban jama'a a ba shi azurfa, yaƙe yake yi irin na "ya na iya", shi ma babu bambanci tsakanin makaho da mai ido. Ashe ko murmushin dole ba sai an gani a fuskar wani ake iya shi ba.

Shin ko kun san murmushin farko da jariri ke yi wa mutum da gangan yakan zo ne tsakanin mako shida zuwa takwas? Ku lissafa, mako shida kwana 42 ke nan. Wato daidai lokacin da mai jego a Paki ko Gubuchi ta gama wanka, ta sha kitso da lalle, ta goya ɗanta za ta fita yawon arba'in, a lokacin ne yaron ya fara mallakar abin da zai ba dangi tukwici da shi. A makon ne kuma ake komawa da shi asibiti karɓar rigakafin mako shida. Wancan da yake yi cikin barci tun kafin suna, wanda wasu iyayenmu mata kan ce mala'iku ke masa wasa, motsin jijiya ne, bai nufi kowa da shi ba. Na arba'in shi ne yake duban idonki sannan ya sakar miki. Idan yaro ya haura wata uku ana masa wasa ba ya mayarwa, ba ya bin fuska da ido, a faɗa wa ma'aikaciyar lafiya ranar awo, a duba ganinsa da jinsa da sauran girmansa.

Jariri kuma ba ya yafe bashin fuska. A 1975 wani masanin halayyar yara a Amurka, Edward Tronick, ya nuna wani gwaji mai sosa zuciya. Uwa tana cikin wasa da ɗanta, sai a ce ta ɗaure fuska tamau, ta zuba masa ido, ba murmushi ba magana, na ɗan lokaci. Yaron da lallashi yake farawa: ya yi mata murmushi, ya yi gwaranci, ya miƙa hannu. In ta ƙi kula shi, sai ya kau da kai, ya banƙare, ya tsala kuka. Tana sakin fuska kuma a hankali a shirya. Ita ma uwar ba a banza take ba. A 2008 Lane Strathearn na Kwalejin Likitanci ta Baylor a Texas ya sa mata 28 masu haihuwar fari cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa. Da aka nuna wa kowacce hoton ɗanta yana murmushi, sassan da ke aiki da sinadarin dofamin, mai sa mutum jin daɗi, suka kama aiki fiye da yadda suka yi wa hoton ɗan wata.

To ina makomar kunyar ɗan fari? A ganina al'adar ba ta cuci yaro ba, domin gidan Bahaushe ba ya rasa fuskoki. Kaka na nan tana kiransa angonta, goggo na nan, yaran gida na rige-rigen goyo. Kunya ta gaban surukai ce, in an shiga ɗaki an saki labule, yarinya ta sakar wa ɗanta fuska son ranta. Wadda ya kamata a sa wa ido ita ce mai jegon da makonni suka shuɗe fuskarta a rufe, barci ya ƙaurace mata, ba ta marmarin ɗan, sai kuka babu dalili. Kafin a ce baƙin hali ne ko iska, a san akwai ciwon damuwa na bayan haihuwa, kuma yana da magani.

Shin ko kun san likitan da ya fara raba murmushi da yaƙe da wutar lantarki ya yi aikin? Guillaume Duchenne sunansa, Bafaranshe, ya fitar da littafinsa a 1862. Yakan ɗora bakin wayoyi a fuskar mutum ya saki wuta kaɗan, tsoka ta motsa, a ɗauki hoto. Wanda ya fi shan gwajin wani tsoho ne marar haƙora, da fatar fuskarsa ba ta jin zafi sosai. Da ya jona wutar a tsokar da ta taso daga ƙashin kunci zuwa gefen baki, bakin tsohon ya washe, amma kowa ya ga hoton ya san ba daɗi yake ji ba. Da aka ba shi labarin ban dariya, sai ga wata tsokar ta shigo, wadda ta kewaye ido: kunci ya ɗaga, ido ya ƙanƙance, gefensa ya tattare. Charles Darwin ya sa hotunan nan a littafinsa na 1872, daga baya Paul Ekman ya laƙaba wa murmushin da ya kai ido sunan Duchenne. Shi ya sa mai niƙabi a kasuwar Ikara ba sai ta ɗaga ba kafin ƙawarta ta gane ta yi murnar ganinta, shi ya sa kuma takunkumin korona na 2020 bai ɓoye mana masu fara'a ba. Sai dai kada a saki jiki, domin binciken baya ya nuna mutane da dama na iya tattare ido da gangan. Dillalin da ya ƙware ya ƙware.

Maganar nan da ke yawo a WhatsApp fa, wai tsoka 17 ake motsawa a yi murmushi, 43 a ɗaure fuska? Ba ta da tushe. Alƙaluman sauyawa suke daga saƙo zuwa saƙo, kuma tsokokin fuska ma ba adadi ɗaya ba ne a jikin kowa.

Shin ko kun san mutum bai cika yi wa sa'arsa murmushi ba, mutane yake yi wa? Robert Kraut da Robert Johnston na Jami'ar Cornell sun riƙa zuwa wuraren wasan mirgina ƙwallo a kayar da sanduna, suna leƙen fuskokin 'yan wasa, suka buga abin da suka gani a 1979. Mutum zai kayar da sanduna goma rigis, fuskarsa kadaran-kadahan muddin sandunan yake kallo. Yana juyowa ya haɗa ido da abokai sai baki ya washe, wani lokaci ko da jifan bai yi kyau ba. Ku gwada a gidan kallon ƙwallo a Hunkuyi. Ana zura ƙwallo a raga ku bar talabijin ku dubi benci, za ku ga kowa idon na kusa da shi yake nema.

Yana kuma yaɗuwa. Ulf Dimberg na Jami'ar Uppsala a Suwidin ya haska wa mutane hoton fuska mai murmushi na tsawon kashi 30 cikin 1,000 na daƙiƙa ɗaya, har ba su ma san sun gani ba. Duk da haka wayoyin da aka manna a kuncinsu sun nuna tsokar murmushi ta motsa. A 2000 aka buga wannan. A 2008 kuma James Fowler da Nicholas Christakis suka bi bayanan mutum 4,739 na binciken garin Framingham a Amurka na shekara 20, suka ce idan maƙwabcinka na jikin katanga ya shiga farin ciki, damar kai ma ka shiga takan ƙaru da kashi 34 cikin 100, na abokin da ke zaune cikin mil ɗaya kuma kashi 25. Wasu masana sun ja da hanyar lissafin. Abin dariyar shi ne abokin aiki na ofis, wanda nasa farin cikin bai motsa kowa ba.

Shin ko kun san Musulunci ya sa murmushi a layin sadaka? Tirmizi ya ruwaito daga Abu Zarri cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙirga yi wa ɗan uwa murmushi cikin sadaka, tare da nuna wa ɓatacce hanya da kawar da ƙaya daga turba. Muslim ya kawo hani a kan raina alheri komai ƙanƙantarsa, ko da tarbar ɗan uwa ce da sakakkiyar fuska. Jarir ɗan Abdullahi ya ce tun da ya musulunta Annabi bai taɓa ganinsa ba face ya yi masa murmushi. Nana A'isha kuma ta ce ba ta taɓa ganinsa yana ƙyaƙyata dariya har a hango can cikin bakinsa ba, murmushi ne abinsa. Suratun Namli ta ba da labarin Annabi Sulaimanu yana murmushi saboda maganar tururuwa, sura ta 80 kuma da batun ɗaure fuska ga makaho Abdullahi ɗan Ummu Maktum ta buɗe. Mai ganin shan mur alamar tsoron Allah ce, sai ya nemo hujjarsa a wani wurin.

Makaho ma ai yana sanin fuskar da aka yi masa, domin ana jin murmushi da kunne. Idan gefen baki ya ja baya, hanyar da murya ke bi takan gajarce, sautin ya ɗan sirance. Amy Drahota da abokan aikinta a Jami'ar Portsmouth ta Ingila sun gwada a 2008, suka tarar masu sauraro na iya bambance mai murmushi da marar yi daga murya kaɗai. Tsofaffin masu sauraron Rediyon Tarayya na Kaduna ba za su yi mamaki ba, haka ma matar da mijinta ke kira daga Legas yana cewa lafiya lau, ita kuwa ta ji ba haka ba ne.

Shin ko kun san akwai zagin da murmushi ke mayarwa zumunci? Ikara da Makarfi suna iyaka da jihar Kano, ga kuma wasan da ke tsakanin Kanawa da Zagezagi. Ku tsaya inda ake lodin rake a Makarfi ku saurara.

"Kai Bazazzagi, rake ka shuka ko zinare? Wannan kuɗi haka!"

"Albarka, Alhaji. Ai ku Kanawa ko kyauta aka ba ku sai kun nemi ragi."

"To ƙaro mini dami ɗaya, haraji ne, ka san ubangidanka ne ya zo."

"Ubangidan da ke ƙirga canji sau uku? Yaro, ɗora masa, kada ya suma a nan."

A tafa, a yi musabaha, mota ta tashi. Da a murtuke aka yi waɗannan maganganu, da sai sarkin kasuwa ya raba. Haka yake tsakanin taubasai, da jika da kaka, da Fulani da Barebari. Jamhuriyar Nijar ta ɗauki abin da muhimmanci har UNESCO ta sa wasan barkwancinta cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014. Masu iya magana da suka ce shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma sun san me suka gani, kuma manomin tumatir na Ikara ko mai inabi na Kudan da kayansa ba sa jiran gobe ya fi kowa sanin ranar da fara'a ke riƙe masa mai saye.

Amma ba kowane murmushi ne na alheri ba. Paula Niedenthal ta Jami'ar Wisconsin da ɗalibanta sun kasa shi uku: na jin daɗi, na neman zumunci, da na nuna isa, wanda yakan karkata gefe ɗaya. A gwajin da suka buga a 2018, mazan da suka yi jawabi aka amsa musu da na isa, sinadarin tashin hankali na kotizol ya fi hawa a jikinsu. Birin cimfanzi kuwa in ya yage baki ya nuna haƙora, galibi tsoro yake ji ko sallamawa yake ga wanda ya fi shi ƙarfi. Haƙorin dariya dai shi ke cizo.

Yanzu ga wadda kowa ke jira: murmushi magani ne? Yana taɓawa, amma bai kai yadda ake kururutawa ba. A 1988 Fritz Strack, Bajamushe, ya sa wasu su riƙe alƙalami da haƙora, abin da ke tilasta wa baki washewa, wasu kuma su riƙe da leɓe, aka ba su zanen barkwanci. Masu haƙora suka ce zanen ya fi ba su dariya. Labarin ya shiga littattafan makaranta, ya yi kusan shekara 30 yana cin kasuwa. A 2016 ɗakunan bincike 17 suka maimaita gwajin, ba su ga komai ba. Sai a 2022 Nicholas Coles ya haɗa masu yarda da masu musu wuri ɗaya, aka gwada mutum 3,878 a ƙasashe 19. Sakamakon shi ne, kwaikwayon fuskar mai murmushi ko jan kunci sama da gangan yana ɗan ƙara jin daɗi, dabarar alƙalami kuwa ba ta tabbata ba. Ƙarin kamar gishiri ne a miya, yana gyara ta, amma ba ya zama miyar. Ba zai warkar da ciwon damuwa ba, ba zai maye gurbin ƙwayar hawan jini ba.

Inda ya fi nuna kansa shi ne lokacin wuya. A Jami'ar Kansas a 2012, Tara Kraft da Sarah Pressman sun sa ɗalibai 169 riƙe tsinken cin abinci irin na Sinawa a baki ta hanyoyi daban-daban, suka sa su tsoma hannu a ruwan ƙanƙara, da bin zanen tauraro da hannun da ba su saba ba suna kallon madubi. Waɗanda fuskarsu ke cikin siffar murmushi, bugun zuciyarsu ya fi sauka bayan wahalar. Pressman ta sake wani gwajin da allura a kan mutum 231, inda masu murmushin da ya kai ido suka ce zafin da suka ji ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100 a kan na masu fuska kadaran-kadahan. Ga abin mamaki: masu yamutsa fuska ma sun sami sauƙi kusan haka. Don haka yaron da ya runtse ido ya cije baki gaban allura, a ƙyale shi, dabara yake yi.

'Yan gudu ma sun shigo. Noel Brick na Jami'ar Ulster ya gwada 'yan gudu 24, ya ga iskar da suke ƙonawa na raguwa da kashi 2.8 cikin 100 in suna murmushi a kan in sun haɗe rai. Eliud Kipchoge na Kenya, wanda ya gama gudun fanfalaki cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Biyana a 2019, an san shi da murmusawa in gudu ya yi gudu.

Tsawon rai fa? A 2010 Ernest Abel da Michael Kruger na Jami'ar Wayne State sun duba hotunan 'yan wasan besbol 230 na 1952. Marasa murmushi sun rayu shekara 72.9 a matsakaici, masu cikakken murmushi 79.9. Jaridu suka yi ta yayatawa. A 2018 wasu suka maimaita da 'yan wasa mafi yawa, bambancin ya ɓace, jaridun kuma suka yi gum. Wani binciken na Tzvi Ganel ma cewa ya yi murmushi yana sa a ɗan ƙara wa mutum shekaru a hoto, saboda tattarewar gefen ido.

Shin ko kun san murmushin dole yana gajiyar da mai shi? Arlie Hochschild ta rubuta littafi a 1983 a kan ma'aikatan jirgin sama da aikinsu ya haɗa da fara'a ko ransu a ɓace yake. A 2019 Alicia Grandey ta Jami'ar Penn State ta duba bayanan ma'aikata sama da 1,500 a Amurka, ta ga masu yawan yaƙen dole ga jama'a sun fi faɗa wa shan barasa bayan an tashi aiki. A 2003 mujallar New Scientist ta ruwaito binciken da ya sa 'yan Nijeriya a kan gaba wajen farin ciki a duniya, alhali tun 1978 Fela Kuti ya yi faifai guda a kan yadda muke shan wuya muna murmushi. A rahoton farin ciki na duniya na 2024 Nijeriya ta 102 ta zo cikin ƙasashe 143. Akwai murmushin da ya fi kuka ciwo, kuma magidancin da takin zamani ya gagara yana "alhamdu lillahi" yana yaƙe, tambaya ta biyu yake buƙata daga amininsa.

Ba ko'ina ake yi masa fassara ɗaya ba. Kuba Krys, ɗan ƙasar Folan, ya jagoranci bincike a al'ummomi 44 a 2016. A Jamus da Suwizalan ana ganin mai murmushi ya fi basira, a Japan da Rasha da Iran kuma akasin haka. A ƙasashen da cin hanci ya yi katutu, an fi zargin mai murmushi da wata manufa. Mu ma muna da wurin da ake tsuke fuska: sarki na rufe baki da amawali, dogari ba ya washe baki, ɗan dambe ba ya shiga fage da fara'a. A Japan ɗin dai, bayan an cire takunkumi a 2023, wata mata Keiko Kawano ta yi kasuwa da koyar da murmushi, yen 7,700 a awa.

Hoton fasfo kuwa, ba mugunta ce ta sa mai ɗauka ke cewa a rufe baki ba. Ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya ce, domin na'urar tantance fuska ta fi gane mutum in fuskarsa ba ta motsa ba.

Shin ko kun san murmushi na iya ceton rai a cikin daƙiƙa goma? Ba sai ka yi karatu a makarantar kimiyyar lafiya da ke Makarfi ba kafin ka iya wannan. Dattijo ya dawo daga gona, ya zauna alwala, buta ta suɓuce masa, magana ta fara sarƙewa. Ka durƙusa gabansa.

"Baba, yi mini murmushi in gani."

In gefe ɗaya ya ɗaga, ɗayan ya zube, ka ci gaba. "Baba, ɗaga hannuwanka duka biyu." In ɗaya ya sulale ƙasa, "Baba, ce sannu da aiki." In harshe ya yi nauyi, to shanyewar ɓarin jiki ce ta ƙwanƙwasa, ko da ɗaya daga cikin ukun nan kaɗai ka gani. Ka duba agogo ka riƙe lokacin. Kada a ɗura masa ruwa ko kunu ko rubutu, domin haɗiya na iya gagararsa ya shaƙe. Kada a ce bari a ga wayewar gari. A nemi mota zuwa babban asibitin Ikara ko na Makarfi, ko kai tsaye asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, inda ake hoton kai a gane jijiya ce ta toshe ko fashewa ta yi. Maganin narkar da gudan jini cikin awa huɗu da rabi na farko yake aiki. Wani babban bincike mai suna SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ke cikin jagororinsa, asibitocin Zariya da Kano kuma na cikinsa, ya nuna a 2018 cewa a Nijeriya da Gana kusan tara cikin goma na wannan ciwo hawan jini ne ke bayansa. Awon jini kuwa minti biyu ne a kemis.

Wani abin al'ajabi: mai irin wannan ciwo kan kasa daidaita baki in an ce ya yi murmushi, amma jikansa na yin abin dariya sai ga gefe biyun sun ɗaga tare. Hanya biyu ce daga ƙwaƙwalwa zuwa fuska, ta umarni daban, ta zuci daban.

Akwai kuma karkacewar baki da mutum kan tashi da ita da safe, a ce iska ta buge shi. Sau da yawa kumburin jijiyar fuska ne, ciwon da aka sa wa sunan likita Charles Bell. Yakan haɗa da goshi, ido ya ƙi rufuwa, hannu da ƙafa kuwa lafiya lau. Mafi yawan masu shi suna warkewa cikin makonni ko watanni, musamman in an fara magani cikin kwana uku. Rarrabe shi da shanyewar ɓarin jiki aikin likita ne. Sai murmushi mafi muni, na cutar sarƙewar haƙora, tetanos, wadda ƙwayarta ke zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi. Fartanya ta sari ƙafa, ko a sa wa cibiyar jariri abin da bai dace ba, bayan kwanaki muƙamuƙi ya ƙage, baki ya yage kamar mai dariya. Allurar rigakafin da ake yi wa masu ciki da yara ita ce katangarta.

Shin ko kun san kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da ciwon baki da haƙori a duniya, in ji rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022? Mu da muke yaba wushirya, muke gane Hajiya da haƙorin Makka, kakanninmu mata kuma suna rina haƙori da fure da goro, ya kamata mu fi kowa kula. A ƙasar rake da mazarƙwaila, zaƙin da ya kwana a haƙori shi ne abincin ƙwayoyin da ke huda shi. Aswaki ko buroshi kafin barci ya fi na safe muhimmanci, domin yawu raguwa yake da dare.

Daga dasashi kuma wata muguwar cuta ke farawa, zaizayar baki, wadda asibiti ke kira noma. Yara 'yan shekara biyu zuwa shida take kamawa, musamman masu tamowa ko waɗanda suka tashi daga ƙyanda. Dasashi ya kumbura, baki ya yi wari, cikin kwanaki kunci ya huje. In ba a yi magani ba, har tara cikin goma na iya mutuwa, alhali in an kama ta da wuri maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki sun isa. A Sakkwato akwai asibiti musamman dominta tun 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF na tallafa masa tun 2014, kuma Nijeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da cutar cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a Disambar 2023. Yaron da aka haifa da tsagaggen leɓe kuwa, kusan ɗaya cikin 700 a duniya, ba laifin uwarsa ba ne, kuma ba abin ɓoyewa a ƙuryar ɗaki ba ne. Ana ɗinke leɓen tun yana wata uku zuwa shida, tsagewar ganɗa kuma wajen shekara ɗaya. Ƙungiyar Smile Train da aka kafa a 1999 tana biyan kuɗin irin wannan tiyata a asibitoci da dama a Nijeriya.

Shin ko kun san fuskar nan rawaya mai ɗigo biyu da baki a lanƙwashe, da kuke tura wa juna a waya, wani kamfanin inshora ne ya sa aka zana ta don ma'aikatansa su saki rai? Harvey Ball na garin Worcester a Amurka ya zana ta a 1963 cikin kamar minti goma. Shi ne kuma ya ƙirƙiro Ranar Murmushi ta Duniya, Juma'ar farko ta Oktoba, tun daga 1999. Ta kwamfuta kuwa, mai ɗigo biyu da karan ɗori da baka, Scott Fahlman na Jami'ar Carnegie Mellon ya kawo ta ranar 19 ga Satumba 1982, don a riƙa gane wasa da gaske a rubuce. Ball bai yi wa zanensa rajista ba. Wani ɗan jarida a Faransa, Franklin Loufrani, ya yi wa irinsa rajista a farkon shekarun 1970, kuma har yau kamfanin iyalinsa na karɓar kuɗin lasisi daga ƙasashe da dama. Abin da aka biya Ball gaba ɗaya dala 45 ne.